Takardar da Ba a Ninkewa

Shekarar da darajar sefa ta faɗi, maigidana ya dawo gida wata Talata da hantsi, ɗauke da tafireta a ka kamar mai tallan burodi. Kamfanin da yake yi wa aikin ofis a tashar jiragen ruwa ya rage ma'aikata, sunansa na cikin waɗanda aka karanta. Shugabansu ya ce ya tafi da mashin ɗin, tunda babu wanda zai sake zama a teburin. Na taya shi saukewa, na kawo masa ruwa, ban tambaye shi komai ba sai da ya yi sallar azahar.

Ni ce na ci moriyar tafiretar. Bayan na gama ƙaramar sakandare na yi wata shida ina koyon buga takarda wajen wata mata a unguwar Nkololoun, kafin jinyar Baba ta zaunar da ni a gida. Daga nan aure ya zo, kuma ni na so abina, ba wanda ya tura ni. Da na ɗora yatsuna a kan mashin ɗin sai na ga ba su manta ba. Kafin damina ta kankama, rabin layinmu na New Bell, a nan Douala, ya san cewa a gidan nan ana buga wasiƙar neman aiki da Faransanci mai tsabta. A lokacin kuwa kowa neman aiki yake.

Ƙanwata, wadda duk gida muke kira Auta, ita ba neman aiki take ba. Shekara tara na ba ta. Ni na goye ta, ni na koya mata haruffa a kan allon makaranta, ni nake yi mata shifta da yamma har ta daina kuka in ta ga jan biro. Ta wuce inda na tsaya, ta gama babbar sakandare, ta tafi Yawunde, ta dawo da farar riga. Aka ɗauke ta a ɗakin gwajin jini na wani asibiti can cikin gari, wanda take ce wa labo. An zaftare musu albashi kamar kowa, amma kullum da safe takan fito da jakarta, matan layi su bi ta da kallo har ta sha kwana. Nima ina cikin masu kallon, sai dai ni ta taga nake yi.

A labon nasu akwai wata na'ura da Turawa suka kawo, ita Auta ce ke kula da ita. Ta taɓa yi mini bayani ina tsince shinkafa.

"Yaya, kin ga yadda mata suke bin layi a famfo, ɗaya bayan ɗaya? To haka ƙwayoyin jini suke wucewa ta gaban wani ɗan haske. Mashin yana ƙirga su, yana rarrabewa: wannan sojan jiki ne, wannan ba soja ba. Sunan aikin sitometri."

Shekarun da ciwon sida, wato ƙanjamau, ya fara cin mutane ne, ana kai gawa ana cewa taifot. Da wannan ƙirgen ake gane sojoji nawa suka rage a jinin mara lafiya. Inna ba ta taɓa iya faɗin sunan ba. In an tambaye ta aikin Auta sai ta ce, "Jini take ƙirgawa," ta gyara zama.

Dole in faɗi wani abu game da Inna, don a gane sauran. Ni ce 'yar farinta, kuma Inna irin matan da ne, masu kunyar ɗan fari. Ba ta kama sunana. In za ta kira ni sai ta ce "ke", in za ta yi maganata da wani sai ta ce "wannan" ko "yayarsu". Ba ta taɓa yabona a gaban mutane ba, don a wajenta rashin ta-ido ne. Ranar da na zo ta ɗaya a Faransanci a duk ajinmu, ta karɓi takardar ta miƙa wa Baba ba tare da ta dube ni ba. Na san al'ada ce, na san ba ƙi ba ne. Na sani a kaina. Amma Auta, ko tuwo ta tuƙa ya yi gudaji, sai Inna ta sa an ɗanɗana wa maƙwabta.

Wata Juma'a bayan an sauko, Auta ta shigo da babban ambulan a tsakanin kwalaye biyu, ta riƙe shi kamar jariri. Inna na zaune a tabarma tana ɓare gyaɗa, don kusan kullum a gidana take wuni, gidanmu na gado layi biyu ne tsakani.

"Yaya, wanke hannunki."

"Hannuna a wanke yake."

"Sake wankewa. Manja nake ji."

Na wanke, na goge, sannan ta zaro takardar. Fara ce tas, mai kauri, a tsakiyarta an zana akwati da shuɗin layi mai haske, da ƙyar ake ganinsa. Za a yi babban taron masu wannan aikin na ƙirga ƙwayoyin jini a Turai. Duk mai son a saurare shi sai ya taƙaita bincikensa ya cusa shi cikin wannan akwatin, ya aika kafin ranar da aka yanke. In masu tantancewa sun karɓa, za a kira shi, kuma ga 'yan Afirka akwai taimakon kuɗin jirgi. Likitan da ke shugabantar labon ya ce Auta ce ta yi aikin, ita za ta je in an dace. Takarda biyu kacal aka aiko musu, shi ya yi amfani da ɗaya.

Ta juya bayan takardar ta karanta mini sharuɗɗan da Faransanci, a hankali, tana bin layi da yatsa. Ba za su sake buga rubutun ba, hotonsa za su ɗauka yadda ya zo su sa a littafin taro. Saboda haka ba gogewa, ba shafa farin ruwan gyara, harafi ɗaya kada ya taɓa shuɗin layi. Ba a karɓar kwafi. A ƙasa kuma, da manyan baƙaƙe: kada a ninke.

"Sakatariyarku fa?" na tambaya.

"Wata uku ba ta zo ba, tana sayar da kifi a Youpwé. Kuma ko tana nan, ke nake so. Ita in ta buga layi biyar sai ta yi kuskure shida."

Na ji daɗin wannan maganar fiye da yadda na nuna. Inna ta ɗago ta ce, "Me kuke ta faransawa ne tun ɗazu?" Auta ta ce, "Takardar tafiya Turai ce, Inna, a sa mu a addu'a." Iyakar abin da aka fassara mata ke nan.

Likitan zai tashi zuwa Turai ranar Alhamis da daddare, shi zai tafi da takardun a hannu, don a lokacin in ka jefa wasiƙa a gidan waya sai dai ka bar wa Allah. Kwana shida ke nan gare ni.

Na zana akwatin da fensir a kan takardun banza, daidai faɗinsa da tsawonsa, na fara gwaji. Rubutun da Auta ta kawo ya zarce akwatin da layi huɗu. Ta zo ranar Lahadi ta zauna ta yi ta cizon biro, ta cire kalma biyu, ta mayar da uku. Na ce ta ba ni.

"Yaya, wannan fa kimiyya ce."

"Faransanci ne dai. Faɗa mini abin da kike nufi a nan, da Hausa."

Ta faɗa. Na mayar da shi cikin rabin kalmominta. Muka bi jimla jimla haka, tana yi mini bayani ina matsewa. Inda na yanke abin da bai yankuwa sai ta yi tsalle ta riƙe mini hannu, mu yi ta musu. Kafin la'asar rubutun ya shiga akwati har da sauran wuri. Ta karanta sau biyu ta ce, "Wallahi ya fi na Dokta kyau." Na tashi na shiga kicin don kada ta ga fuskata.

Waɗannan kwanakin ban san lokacin da suka wuce ba. Ina wanki ina juya jimlolin a kaina. Na gane abin da suka auna, na gane dalilin da ya sa suka kwatanta jinin masu lafiya da na marasa lafiya, har na ga wani wuri da na so in tambayi likitan da kansa me ya sa. Rabona da in ji kaina yana aiki haka tun ina sa rigar makaranta. Kuma duk lokacin da daɗin ya zo, sai wani abu ya biyo bayansa ya tsaya mini a ƙirji. Da Baba bai kwanta ba fa? Sai in yi istigfari, in ci gaba da wankina, can kuma ya dawo.

Ranar Laraba da safe, bayan yara sun tafi makaranta, na yi alwala, na yi nafila raka'a biyu, na sa sabon ribon na tawada a mashin, na zura takardar gaske. Ni da nake buga wasiƙa ina hira, ran nan da yatsa ɗaya na yi aiki, ina karanta kowane harafi a fili kafin in danna. Sama da komai sunaye ne: na likitan, na wani Bature da bai taɓa taka Douala ba, sai na Auta. Sharaɗi ya ce a ja layi a ƙarƙashin sunan wanda zai tsaya ya yi magana a taron. Na buga sunanta, na buga sunan Baba a bayansa, sunan da nima shi malamai suke kirana da shi a aji. Na dawo da mashin baya na ja layin, ɗigo bayan ɗigo. Na gama babu kuskure ko ɗaya. Auta ta biyo da yamma ta duba, ta rungume ni, ta ce in ajiye a wajena, gidan Inna yana yoyo. Gobe da la'asar za ta zo ta ɗauka ta kai wa likita.

Alhamis ta waye da yayyafi. Inna ta zo da hantsi tare da wata maƙwabciyarta, tsohuwa mai sayar da koko. Ina tsugune a ƙofar kicin ina kankare kifi, daga nan ina hango teburin falo. Inna ta ɗaga kwalin sama, ta nuna wa baƙuwarta.

"Kin gani? Auta ce ta rubuta. Dubi yadda ya jeru kamar ɗinkin keke. Turawa ne suka aiko takanas suna nemanta."

"Masha Allah. Duk ita kaɗai?"

"Ita kaɗai. Yarinyar nan tun tana ƙarama kanta daban yake."

Wuƙar ta tsaya a hannuna. Kwana shida Inna tana zaune a tabarmar nan tana jin ƙarar mashin, tana ganin wanda ke dannawa. Na san ba za ta iya cewa "wannan ce ta buga" ba, bakinta ba zai ɗauka ba. Na sani sarai. Amma kunnuwana suka yi zafi kamar an mare ni.

Sai na ji tana cewa za ta kai wa Kawu. Kawu yayanta ne, tsoho mai sayar da huluna a ƙofar masallaci, kuma a danginmu babu takardar da take fita ba tare da ya tofa mata addu'a ba: ta jarrabawa, ta asibiti, ta neman aiki. Inna ta ɗauki takardar. Ta yi mata abin da take yi wa duk wata takarda mai daraja. Ta haɗa baki da baki ta ninke, ta bi da babban yatsa ta danne. Ta sake ninkewa.

Ninkin farko ya zo mini ba shiri, wannan zan iya rantsuwa a kai. Amma tsakaninsa da na biyu akwai lokacin da zan ce "Inna, tsaya." Akwai lokaci kafin na uku. Ina kallo ta mayar da ita 'yar ƙarama kamar laya, ta sa a gefen zane ta ƙulle tam don kada ruwa ya taɓa. Daga falo zuwa ƙofar gida taku goma ne, ta gabana za ta wuce. Ta wuce. Ta ce, "Ke, zan je in dawo."

Na ce, "A dawo lafiya, Inna."

Na ci gaba da kankare kifin da ya riga ya kankaru. Abin da na ji a lokacin, in zan faɗi gaskiya, sanyi ne. Na ce a raina, tunda ita kaɗai ta rubuta, sai ita kaɗai ta gyara. Wannan sanyin bai kai tafasar ruwa ba ya gudu. Na miƙe na leƙa waje, layin babu kowa sai ruwa yana gudu a kwata. In bi ta? Me ya rage in hana? Na dawo na zauna a kan turmi. Da aka kira azahar na ta da salla, sau biyu ina rasa raka'ar da nake. Na tuna Auta tana shekara bakwai, ta ɓata littafinta da tawada, ta zo tana kuka ta ɓuya a bayana.

Inna ta dawo fuskarta wasai. Ta ce Kawu ya tofa addu'a, har liman ya samu a wurin shi ma ya sa baki. Ta kwance ƙullin ta warware takardar a kan tebur tana shafawa da tafin hannu. Ta yi laushi saboda danshi, kuma ga layukan ninki sun raba ta gida takwas, ɗaya ya bi ta tsakiyar sunaye.

Na ce, "Inna, wannan takardar ba a ninke ta. An rubuta a baya. In an ninke ba sa karɓa."

Hannunta ya tsaya. Ta dubi takardar, sannan ta dube ni, ido cikin ido, abin da ba ta cika yi ba.

"Ai kina kallona," ta ce.

Ta koma tabarma ta zauna ta ɗauki carbi.

Maigidana ya shigo daga yawon neman aikinsa, na gaya masa an ninke takardar, ban gaya masa sauran ba. Ya ɗaga ta a haske ya girgiza kai. "Ni dai mashin na kawo gidan nan, ban san da rigima a cikinsa ba." Ya ce a ofis in takardar kaya ta yamutse guga suke yi mata ta baya. Babu wuta tun safe, sai ya fita tsakar gida ya hura gawayi a dutsen guga. Yana cikin fifita shi Auta ta shigo, da farar rigarta a hannu, tana cewa mai babur yana jiranta a bakin titi.

Ta ga tebur. Ba ta yi ihu ba, jakarta ce kawai ta zame ta faɗi.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni ce," in ji Inna. "Wajen kawunku na kai. Albarka na je nemo miki."

"Inna! Inna, kin kashe ni. Shekara biyu ina wannan aikin. Wa ya ce ki taɓa? Me ya kai takardar kimiyya ƙofar masallaci? Kullum sai an..." Ta juya Faransanci, tana kuka tana magana, kalmomin da ba za ta iya faɗa wa uwa da Hausa ba. Inna ba ta jin ko ɗaya, amma ta san faɗa ne. Ta sunkuyar da kai tana cewa, "Yi haƙuri, Auta. Ban sani ba. Babu wanda ya gani balle ya hana ni."

Wannan ƙaryar ta Inna ce ta fi komai yi mini nauyi. Tsohuwa ta rufa mini asiri a gaban mijina, ta ɗauki faɗan 'yar cikinta ita kaɗai. Da na yi shiru, shi ke nan, har yau babu mai sani.

Na ce, "Auta, bar Inna. Ina nan aka ninke. Ina kallo."

"Ba ki lura ba dai."

"Na lura. Na san ba a ninkewa. Na yi shiru."

Ta share ido da bayan hannu ta dube ni kamar wata baƙuwa. "Don me?"

Da Faransanci na ba ta amsa, saboda Inna. Na ce haushi nake ji. Na ce ban san ko nata ba ne, ko na Inna, ko na kaina, amma haushi ne, kuma ya daɗe. Maigidana ya ajiye dutsen guga a bakin ƙofa ya ce bari ya je ya ce wa mai babur ya ƙara haƙuri, ya fice.

Na ɗauka za ta zage ni, na ma fi son haka. Sai ta ce, muryarta a bushe, "Kawo farin ƙyalle."

Na ɗauko sabon ɗankwali fari da ban taɓa ɗaurawa ba. Muka kife takardar a kan katakon tebur, muka rufe ta. Na gwada zafin dutsen a kan ɗaya daga takardun gwajina, ya ƙona ta ruwan ƙasa. Muka jira ya huce. Na sake gwadawa, tawadar ba ta motsa ba. Auta ta riƙe gefe biyu, ni ina bi a hankali, daga tsakiya zuwa baki, ina ɗagawa muna dubawa. Babu mai magana sai "nan", "ya isa", "sake". Inna tana bayanmu tana ta salati ƙasa-ƙasa. Danshin da takardar ta sha a gefen zane ya taimaka, ta miƙe ta yi santsi. In ka dube ta kai tsaye ba ka ganin komai. In ka karkata ta wajen taga, layukan suna nan, sirara kamar gashi.

"Za su gani?" na tambaya.

"Ban sani ba."

Ta mayar da ita tsakanin kwalayen, ta cusa a cikin rigar ruwa, ta durƙusa ta ce wa Inna ta yafe mata. Ni ba ta dube ni ba. Ta fita.

Sati bakwai Auta ba ta taka gidana ba. Juma'ar da ta saba zuwa cin shinkafa da miyar kifi sai in zuba nata in rufe, da yamma in ba yara. Na aika mata da dambun nama, aka ce ta gode. Inna ta ci gaba da zuwa kullum, tana ɓare gyaɗarta, ba ta taɓa ta da maganar ba. Na yi azumi uku. Bayan kowace salla ina roƙon Allah Ya rufe idon masu tantancewa daga layukan nan, kuma ina jin kunyar roƙon, don na san da wane ido na kalli ninkin. Tambaya ɗaya ce ta hana ni sakat: in an mayar da takardar, da wace fuska zan zauna a dangi, kuma yarinyar nan za ta sake samun irin wannan ƙofar?

Wata Asabar ina shanya sai ga ta a tsakar gida, ba sallama mai ƙarfi, ta miƙo mini wasiƙa.

"Karanta. Ke ce mai Faransanci."

Sun karɓa. An ba ta minti goma ta yi magana, za su biya jirgi da masauki. Babu wanda ya ambaci ninki. Na zauna a kan bokiti na fashe da kuka, ina alhamdulillahi, ina neman hannunta. Ta bar ni na riƙe. Ta ce, "Ya isa, Yaya, mutane za su ce mutuwa aka yi." Can kuma ta ce, "Ban huce duka ba fa. Amma an ce sanyi ake yi a can, kuma ni ban san kan gwanjo ba. Ke kika iya ciniki."

Ina so in ce daga ranar zuciyata ta wanke. Ba haka aka yi ba. Kafin magariba Inna ta zagaye layi uku da labarin, mata suka yi ta shigowa gidana suna yi mini barka da arzikin ƙanwata, ina amsawa ina murmushi, abin nan kuma ya dawo ya zauna inda ya saba. Bambancin kawai, yanzu na san shi, na san abin da zai iya sa ni, ina sa masa ido kamar yadda ake yi wa wuta kusa da labule.

Ranar Litinin na tafi Nkololoun wajen masu kayan gwanjo. Na juye dila uku kafin in samu kwat mai kauri, ruwan toka, mai manyan maɓallai, ɗaya ya ɓace. Mai kayan yana ta mamakin abin da za a yi da ita a zafin Douala. Na ce masa Turai za a je taro. Ya ce, "Madam likita ce?" Ban ce e ba, ban kuma ce a'a ba.

Na wanke ta, na shanya kwana biyu, na samo maɓalli na ɗinka. Da na gama gugarta, gidan babu kowa, na rufe ƙofar ɗaki na sa ta a kan atamfata, na ɓalla maɓallan har wuya. Ta zauna mini daidai. Na tsaya gaban madubin sif, na gaishe da mutanen da ba sa nan da Faransanci, na karanta musu jimlar farko ta rubutun, don har lokacin duk yana kaina. Na kai tsakiya zufa ta fara gangaro mini ta baya. Na cire, na rage tsawon hannun da yatsa biyu saboda Auta ba ta kai ni tsawo ba, na sa a leda na kai mata da kaina.